Gidan Ma'abota Mota a Titin Pall Mall

  A yau birnin Landan za mu nufa, mu tsaya a gaban wani gini guda ɗaya da aka buɗe a shekarar 1911, wato shekarar da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, mu dube shi a tsanake tun daga fuskarsa har abin da ke ƙarƙashin ƙasarsa, domin mu fahimci abin da ya sa mutanen da suka fi kowa ɗoki da sabon zamani suka zaɓi su zauna a cikin gida mai kamannin fadar sarakunan da suka shuɗe.

Kafin mu isa ƙofar, ya kamata mu san irin gidan da muke magana a kansa. Tun daga ƙarshen ƙarni na goma sha bakwai, manyan mutanen Ingila, ma'abota dukiya da sarauta da siyasa, suka ɗabi'antu da taruwa a wasu shagunan shan gahawa da cakulan da ke unguwar St James's, kusa da fadar sarki. Da tafiya ta yi tafiya sai kowane rukuni ya keɓe wa kansa gida, ya kafa sharuɗɗan shiga, ya yanka kuɗin shekara, ya rufe ƙofa ga wanda ba nasa ba. Mafi daɗewa a cikinsu shi ne White's, wanda asalinsa shagon cakulan ne da wani Ba'italiye ya buɗe a 1693. Wanda ke neman shiga irin wannan kulob sai wani daga cikin membobi ya gabatar da shi, wani ya goya masa baya, sa'an nan a jefa ƙuri'a a asirce da 'yan duwatsu farare da baƙaƙe a cikin akwati, kuma baƙaƙe kaɗan sun isa su mayar da mutum gida komai yawan abin hannunsa. A ciki akwai ɗakin cin abinci, da ɗakin littattafai, da ɗakin shan taba, da ɗakin karta, kuma a da maza ne kaɗai ke shiga.

A farkon rabin ƙarni na goma sha tara waɗannan gidaje suka jeru a titin Pall Mall, kowanne yana neman ya bayyana matsayin ma'abotansa da harshen dutse. Athenaeum, gidan malamai da marubuta da limaman coci, wanda Decimus Burton ya tsara aka gama a 1830, ya ari ado daga Yunanawa na dauri, har aka zagaye samansa da kwafin sassaƙen da ke jikin haikalin Parthenon na birnin Atina. Kusa da shi Charles Barry, wanda ya tsara ginin majalisar dokokin ƙasar, ya gina Travellers a 1832, ya kuma gina Reform a 1841, yana koyi da gidajen attajiran Italiya, musamman fadar Farnese ta birnin Rum. Saboda haka duk wanda zai zo ya yi sabon gini a wannan titi, ya san cewa maƙwabtansa dattawa ne masu ido, kuma da ma'auninsu za a auna shi.

To, su wane ne baƙin da suka zo? Mutanen mota ne. Mai sauraro na yau, wanda ya buɗe ido ya ga mota a ƙofar gida, da wuya ya kwatanta irin ƙyamar da aka yi wa wannan na'ura a Ingila a farkon lamarinta. Wata doka ta 1865 ta wajabta cewa duk abin hawa mai tafiya da kansa a kan hanya kada ya wuce mil huɗu a sa'a a karkara, mil biyu a cikin gari, kuma lalle wani mutum ya riƙa tafiya da ƙafa a gabansa riƙe da jar tuta yana gargaɗin jama'a. Sai a 1896 aka sassauta wannan ƙunci. Shekara guda bayan haka, a 1897, wani injiniya mai suna Frederick Simms, haifaffen Hamburg, abokin hulɗar mai ƙera mota Daimler, ya kafa ƙungiyar masu mota ta Biritaniya, ya ɗauko tsarin mulkinta daga takwararta ta Faransa wadda ta girme ta da shekara biyu. Ƙungiyar ta shirya gwajin tafiyar mil dubu a 1900 don ta nuna wa mutane cewa mota abar dogaro ce, ta yi ta kai gwauro tana kai mari har dokar 1903 ta ɗaga iyakar gudu zuwa mil ashirin a sa'a, kuma a 1907 Sarki Edward na Bakwai, wanda shi kansa mai sha'awar mota ne, ya yarje mata ta jingina sunanta ga sarauta, ta zama Royal Automobile Club. Amma yardar sarki daban, yardar dattawan Pall Mall daban. A idon waɗannan, masu mota mutane ne masu ƙura da ƙara da warin mai, masu firgita dawaki, galibinsu kuma 'yan sabon arziki waɗanda suka samu dukiya ta masana'anta da ciniki, ba ta gadon ƙasa ba.

A nan ne hikimar ginin ta fara. A 1906 ma'aikatar yaƙi ta tashi daga tsofaffin gidajen da ta daɗe a ciki a kudancin titin, cikinsu har da Cumberland House wanda aka gina wa ƙanen Sarki George na Uku, ta koma Whitehall, sai wani makeken fili ya samu a tsakiyar unguwar alfarma. Ƙungiyar, wadda a lokacin take zaune a Piccadilly, ta karɓi filin, ta kira masu zayyana biyu waɗanda sunansu ke bakin kowa a shekarun nan: Charles Mewès, Bafaranshe haifaffen Strasbourg, wanda ya tsara otal ɗin Ritz na Paris, da abokin aikinsa Arthur Davis, matashi Ba'ingile da ya yi karatu a babbar makarantar fasaha ta Paris. Su biyun ne suka gama Ritz na Landan a 1906. Tare da wani mai zayyana na uku, Keynes Purchase, suka fara aiki a 1908, suka gama a 1911, bayan an kashe abin da ya kai fam dubu ɗari biyu da hamsin, kuɗin da a wancan zamani ba ƙaramin al'amari ba ne.

Yanzu mu tsaya a ƙetaren titi mu ɗaga kai. Abu na farko da zai bugi ido shi ne faɗi, domin fuskar ginin ta haura ƙafa ɗari biyu, ta rinjayi ta kowane kulob da ke jere da ita. Dutsen da aka lulluɓe ta da shi farin dutsen Portland ne, daga wani tsibiri a gaɓar kudancin Ingila, irin wanda Christopher Wren ya gina babbar majami'ar St Paul's da shi. Dutse ne mai wata ɗabi'a, cewa a zamanin hayaƙin gawayi inda ruwan sama ke dukansa yakan yi fari tas, inda kuwa ya fake yakan yi baƙi, har ya zama kamar yanayin garin da kansa yana ƙara wa sassaƙa inuwa. An kasa fuskar kashi uku daga ƙasa zuwa sama, bisa ƙa'idar da magina na Turai suka gada. Hawan ƙasa an jera shi da manyan duwatsu masu zurfafan tsagu a tsakaninsu, don ido ya ji nauyi da ƙarfi, ya gamsu cewa abin da ke sama ya sami mazauni. A kansa aka tsayar da dogayen al'amudai masu naɗaɗɗen kai, kowanne ya ratsa hawa biyu, tagogi suna tsakaninsu a jere bisa awo ɗaya. A tsakiya kuma al'amudan suka ɗan turo gaba, suka ɗauki wani goshi mai kusurwa uku, wanda ke shaida wa mai zuwa tun daga nesa cewa ga ƙofa nan.

Wanda ya taɓa tsayawa a dandalin Concorde na Paris zai gane wannan fuska nan take, domin 'yar'uwar tagwayen gine-ginen nan ce da Ange-Jacques Gabriel ya tsara wa Sarki Louis na Goma Sha Biyar a tsakiyar ƙarni na goma sha takwas. Wannan aro kuwa yana da dalili mai ƙarfi, ba sha'awa ce kawai ta Mewès ga ƙasarsa ba. Ƙungiyar masu mota ta Faransa, wadda ta Ingila ta ɗauka a matsayin uwa, a bayan waɗannan al'amudai na Gabriel take zaune, kuma a shekarun nan Faransa ce alƙiblar sana'ar mota, can ake manyan tsere. Saboda haka yayin da maƙwabta suka fuskanci Atina da Rum, masu mota suka fuskanci Paris, suka sami abu biyu da jifa ɗaya: tsufa da martabar da za su tsaya da su a gaban dattawan titin, da kuma ishara ga inda zuciyarsu take.

Sai dai, jama'a, waɗannan al'amudai da muke yabo ba su ne ke ɗauke da ginin ba. A bayan dutsen akwai ƙwarangwal na ƙarfe, ginshiƙai da sanduna da aka ɗaure da ƙusoshi, irin fasahar da ta bunƙasa a Chicago da New York, wadda Mewès da Davis suka riga suka jarraba a Ritz, ɗaya daga cikin manyan gine-ginen Landan na farko da aka tayar ta wannan hanya. A tsohon tafarki bango shi ke ɗaukar nauyi, don haka gwargwadon tsawon gini gwargwadon kaurin bangonsa, kuma faɗin ɗaki ba ya wuce abin da katako ko baka za su iya ƙetarewa. Da ƙarfe ya zo sai wannan hukunci ya faɗi: ana iya shimfiɗa babban zaure ba ginshiƙi a tsakiyarsa, a ɗora ɗakunan kwana bisa kansa, a haƙa ƙasa a sa tafki a ƙarƙashinsa. Dokokin gini na Landan ma sai a 1909, ana tsakiyar wannan aiki, suka amince sosai da cewa ƙarfe na iya ɗaukar abin da dā bango ke ɗauka. Masu suka na ƙarni na ashirin, waɗanda suka yi riƙo da cewa wajibi ne zahirin gini ya bayyana baɗininsa, sun ɗauki irin wannan aiki a matsayin yaudara. Ni ban bi su a kan wannan hukunci ba. Mutumin da ya sa riga bai yi wa kowa ƙarya game da ƙashinsa ba, kuma titi yana da haƙƙi a kan mai gini, haƙƙin maƙwabtaka, cewa sabon zuwa ya yi magana da harshen da ya tarar. Abin tambaya shi ne ko an ɗinka rigar da kyau, kuma a nan an ɗinka ta da gwaninta ƙwarai.

Duk da haka ma'abota gidan ba su iya ɓoye abin da ke ransu gaba ɗaya ba. A cikin goshin nan mai kusurwa uku, wurin da Yunanawa kan cika da gumakansu, wani masassaƙi Bafaranshe mai suna Ferdinand Faivre ya sassaƙa siffar mace mai wakiltar ilmi a matsayin tushen sana'o'i, kewaye da 'yan yara, kuma idan ka ƙura ido za ka ga mota a cikin sassaƙen. Wanda ya san tsofaffin gidajen Zariya da Kano, inda magini kan zana keke ko mota ko agogo a jikin bangon zaure, a tsakiyar dagi da sauran zanen gargajiya, don ya shaida cewa mai gidan ya riski zamani ba tare da ya bar gidan ubansa ba, zai fahimci wannan sassaƙe fiye da yadda dogon sharhi zai fahimtar da shi.

Mu shiga ciki. Bayan ƙofa da 'yar matakala, mai shiga zai sami kansa a wani zaure mai siffar ƙwai, wanda ya tashi hawa biyu, baranda ta zagaye shi daga sama, haske yana sauka ta rufin gilashi. Wannan zaure shi ne cibiyar ginin duka, kuma a nan ake ganin tarbiyyar makarantar Paris, wadda ta ɗora tsarin ƙasa a gaba da ado: daga tsakiyarsa hanyoyi suke rabuwa, dama da hagu da gaba, ta yadda baƙo ba ya buƙatar ja-gora kafin ya san inda zai nufa, kuma wanda ke tsaye a baranda yana ganin duk mai shiga da mai fita. Barry ya riga ya yi irin wannan a Reform, inda ya rufe tsakar gidan Italiya da gilashi saboda ruwan Landan. Mewès da Davis suka karɓi ra'ayin suka lanƙwasa shi. Har yau a tsakiyar wannan zaure akan ajiye mota guda, tsohuwa ko sabuwa, a riƙa sauya ta lokaci bayan lokaci. Manyan ɗakunan da ke kewaye kowanne da salonsa: babban ɗakin cin abinci ya bi adon fadojin Faransa, da madubai da ruwan zinariya da zane a rufi, wasu ɗakunan kuwa suka bi natsuwar gidajen Ingila na ƙarni na goma sha takwas. Ta baya, wajen kudu, akwai dakali mai kallon itatuwan Carlton Gardens, nesa da hayaniyar titi.

Amma abin da ya fi jan hankalina yana ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya sauka matakala zai tarar da tafkin iyo shimfiɗe da marmara, al'amudai suna tsaye a gefensa, an lulluɓe su da ƙananan duwatsu masu launi da aka jera kamar ɓawon kifi, suna ƙyalli idan hasken lantarki ya taɓa ruwa. Ba a saba ganin irin wannan a kulob ba. Tsofaffin gidajen titin an gina su ne don zama, da karatun jarida, da doguwar hira bayan abinci; wannan kuwa an gina shi don mutane masu motsi, shi ya sa aka tanadi wuraren wasan ƙwallon bango, da wurin wasan takobi, da wurin koyon harbi, da ɗakunan kwana masu yawa domin membobin da ke zuwa daga nesa.

A gefen tafkin akwai hammami, wanda Ingilishi ke jingina wa Turkawa, kuma tarihinsa ya shafe mu. Asalin wankan ɗakuna masu zafi na Rumawa ne. Da daularsu ta faɗi a yamma sai al'adar ta mutu a can, amma ta rayu a ƙasashen Musulmi, inda ɗahara take sharaɗin ibada, tun daga ƙasaitattun gidajen Banu Umayya a hamadar Sham har zuwa Alƙahira da Fas da Istanbul, har malamai irin su Imamu Gazali suka yi bayanin ladubban shigarsa a cikin Ihya'u. Wani jami'in jakadanci ɗan Scotland, David Urquhart, wanda ya yi aiki a daular Usmaniyya ya kuma ƙaunaci mutanenta, shi ya dage wajen mayar da wannan al'ada Biritaniya, har aka buɗe shahararren hammami a titin Jermyn a 1862, tafiyar 'yan mintoci daga inda muke tsaye. A hannun Ingilishi abin ya ɗan sauya, domin sun fi son busasshen zafi a kan tururi, mutum yana wucewa daga ɗaki mai ɗumi zuwa wanda ya fi shi zafi, sa'an nan ya faɗa ruwan sanyi. Ina ganin abin lura ne cewa a ƙarƙashin gini mai fuskar Faransa da ƙashin Amurka, a tsakiyar daular da a lokacin take mulkin miliyoyin Musulmi, akwai wata ni'ima da biranen Musulunci suka adana wa duniya shekaru fiye da dubu.

Shin dattawan titin sun karɓi baƙin nasu? Ba da sauri ba. Girman ginin da yawan membobinsa, waɗanda suka kai dubbai alhali tsofaffin gidajen suna taƙama da ƙarancin nasu, sun sa aka riƙa cewa wannan otal ne ba kulob ba, har wasu suka laƙaba masa sunan mashayar direbobi. A cikin wannan gori akwai rashin adalci ta fuska biyu, domin direbobin da aka ambata, waɗanda su ne suka san ciwon injin, suke kwana da baƙin mai a hannu, ba su da kujera a waɗannan ɗakuna. Tsarin ginin da kansa yana faɗin haka. Kamar kowane babban gida na zamanin, yana da hanyoyi iri biyu: faffaɗar matakala ta marmara domin wanda ake yi wa hidima, da ƙunƙuntattun lunguna na baya domin masu dafa abinci, da masu wanki, da masu hura wutar tukunyar da ke ɗumama tafki da hammami, waɗanda gwanintar mai zayyana ita ce ya sa aikinsu ya bayyana su kuwa kada a gan su. Mata ma sun daɗe a bakin ƙofa. Reform ne ya fara ba su cikakken haƙƙin zama membobi a 1981, sauran suka biyo baya sannu a hankali, wasu ma sai a 'yan shekarun nan. Wannan ɗabi'a ta keɓewa ita ce Turawan mulki suka ɗauko suka zo da ita barikokinsu na Kano da Kaduna da Jos, inda suka kafa nasu kulob, ɗan ƙasa yana shiga da farantin abinci a hannu shekaru da yawa kafin a yarda ya shiga ya zauna. Wanda ya yaba kyan al'amudan Pall Mall, wajibi ne ya riƙe wannan a zuciyarsa tare da yabon.

Tasirin ginin bai tsaya a tudu ba. Mewès shi ne mai ƙawata cikin manyan jiragen ruwa na kamfanin Hamburg da Amurka, kuma da aka ƙera Imperator, wanda ya fara ƙetare Atlantika a 1913 yana jirgi mafi girma a duniya, sai aka yi masa tafkin iyo mai al'amudai bisa samfurin wanda ke ƙarƙashin Pall Mall. Davis shi ma ya tsara ɗakunan jirgin Aquitania na kamfanin Cunard, abokin gasar Jamusawa, wanda ya fara tafiya a 1914. A cikin wannan shekara Mewès ya rasu, yaƙin duniya na farko ya ɓarke, gidan masu mota ya buɗe ƙofofinsa ga hafsoshin soja, kuma aka daɗe ba a sake yin kulob mai irin wannan girma a unguwar ba. Bayan yaƙi aka karɓe Imperator daga hannun Jamus a cikin diyya, aka miƙa shi ga Cunard, aka sauya masa suna zuwa Berengaria, ya ci gaba da kai fasinja tsakanin Southampton da New York har zuwa 1938. Ginin kuwa yana nan a lamba 89, hukuma ta sa shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta hana a rushe ko a sauya ba da izini ba, kuma har yanzu ana iyo a tafkinsa.